Baƙon da Ba Ya Tsayawa a Zaure

A Madarunfa haɗa sabuwar tele aikin yamma guda ne. Mai haɗin zai kafa ƙarfe a tsakar gida ko ya hau kan soro, ya ɗaura kwandon parabol, ya dinga karkata shi kaɗan-kaɗan yana duban ƴar na'urarsa ta auna sigina, har ya kamo tauraron da ke can kimanin kilomita 36,000 a sama. Daga kwandon waya ta sauko zuwa dekoda, daga dekoda wata gajeriyar waya da ake kira HDMI ta shige bayan tele. In maigida mai abonma ne, sai a biya wa Canal+ kuɗin wata. In kuwa na kyauta yake so, dekodar Strong ta ishe shi kallon tashoshin Larabawa, na finafinan Indiya, na wa'azi, da na Hausa. Wannan hanya kowa ya san ta, don an kwashe shekaru ana ganin kwanduna a kan katangu daga Safo har Ɗan Isa.

Hanya ta biyu ba ta da waya ko ɗaya. Filasmar zamani, irin ta Hisense ko Samsung ko LG da ake sarowa daga Kano ko a saya a Maraɗi, kwamfuta ce da aka yi wa fuskar tele. Ana kunna ta karon farko sai ta nemi rezo. Sunayen wifi na kusa su jeru a allo, a zaɓi na ƙaramin akwatin intanet mai cin sim, ko na salular wani saurayi a gidan da ya buɗe rabon koneksiyon. A shigar da kod harafi bayan harafi da telekomand. Daga nan wani dogon rubutu ya fito da Faransanci ko Turanci, a ƙarƙashinsa wurin da za a danna a ce an yarda. A danna. Kafin minti 5 YouTube ya buɗe, yara sun ɗau sowa.

Ba kowane gida ne ya kai nan ba tukuna, kuma dalilin a fili yake. Kuran ɗin da Nigelec ke ba Maraɗi da kewayenta yawancinsa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma mutane ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai Maris na 2024. Tun daga nan mai hali ya ƙara dogara da pano da batir. Sai tsadar forfe: a lissafin kamfanin Netflix kansa, awa guda ta kallo tana cin kusan jiga 1 in hoton na tsaka-tsaki ne, ta kai 3 in mai kyau ne sosai. Ga wanda ke sayen koneksiyon na Airtel, Moov ko Zamani da ƴan ɗaruruwan sefa, wannan ba abin yi kullum ba ne. Amma a Maris na 2025 Starlink ya fara aiki a Nijar bisa izini, kuma filasma tana ta arha. Abin da yau yake gidan ɗan kasuwa da ma'aikaci, gobe yana gidan manomin Jiratawa.

Tambayar da aka saba kai wa malamai ita ce: tele halal ce ko haram? Tsohuwar tambaya ce, kuma ta ci rayuka. A Kano, da gidan silima na El Duniya ya ƙone a 1951 mutum fiye da 300 suka rasu, da yawa sun ɗauki gobarar a matsayin hukuncin Allah kan masu zuwa kallon hoto. A Saudiyya, da aka buɗe talabijin a tsakiyar shekarun 1960, wani yarima, Khalid ɗan Musa'id, ya mutu a zanga-zangar ƙin ta, kuma ɗan'uwansa ne ya harbe Sarki Faisal a Maris na 1975. A 1994 ƙasar ta haramta kwandon tauraro, amma kwanduna ba su sauka daga kan rufi ba. Taliban sun hana tele ɗungurungum daga 1996 zuwa 2001.

A ƙasar Hausa an bi wata hanya. Sheikh Abubakar Gumi ya ɗauki tafsirinsa ya ɗora a Rediyon Kaduna, ana saurarensa har Maraɗi da Damagaram, kuma almajiransa ba su ji tsoron na'ura ba. Yau akwai Sunnah TV, akwai Manara TV ta Izala, ƴan ɗariƙa ma suna watsa mauludi da zikiri kai tsaye. Malamin da ke magana ta cikin allo ba zai ce allon haram ne ba. Ko batun hoto, a mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, haramcin da aka tsananta yana kan siffa mai inuwa, wato gunki, ba kan hoton da ke shafe a shimfiɗe ba.

Malikiyya tana da wata ƙa'ida da ta fi dacewa da zancen, wadda ake kira toshe kafa: a hana abin da asalinsa halal ne idan hanya ce zuwa ɓarna. Sai dai Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya bayyana a littafinsa Al-Furuƙ cewa ba kowace kafa ake toshewa ba. Akwai wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a kan hanyar da mutane ke bi. Akwai wadda kowa ya yarda a bar ta, kamar noman inabi, duk da ana yin giya da shi. Akwai ta tsakiya, inda malamai suka saɓa. Wanda ya ce tele rijiya ce a kan hanya ya yi tsanani, wanda ya ce inabi ce kawai bai duba yadda take aiki ba. A tsakiya take, kuma wanda ke tsakiya ba a yanke masa hukunci sai an san shi.

To ina ne ya kamata a tsayar da ita a san ta? Gidan Bahaushe ya daɗe da amsa wannan ga kowane mai shigowa. Yana da zaure. Baƙo namiji ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a aiko yaro, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma, a gaisa, a ji abin da ya kawo shi. Da yawa a zauren ake sallamarsu, ba su taɓa ganin tsakar gida ba, kuma ba wanda ke ɗaukar hakan wulaƙanci. A wasu ƙofofin har rubutawa ake yi da alli ko fenti cewa ba shiga. Wannan gini fassara ce ta Suratun Nur, inda aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 58 kuma ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. Duk almajirin da ya kai ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya karanta babin sallama da neman izini: sau uku, in an ba ka ka shiga, in ba haka ba ka koma. A Muwaɗɗa ma akwai mutumin da aka umurta ya nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, alhali gida ɗaya suke. Mutanen Madarunfa kuwa sun san ladabin baƙunta fiye da garuruwa da yawa, don garinsu gari ne na masu ziyara. A kewayen tafkin akwai kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99, wurin da Nijar ta shigar cikin jerin farko na UNESCO a 2006, kuma mai zuwa wurin ko mamaci sai ya yi wa sallama.

Abin lura shi ne, tele a Nijar daga wajen gida ta fara. A 1964 ta shigo ne a matsayin malamar lakwal, a wasu ajujuwa kaɗan na yankin Yamai, da taimakon Faransa. Da aka buɗe Télé Sahel a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, aka riƙa kafa wuraren kallo na jama'a a ƙauyuka, da yawansu da faifan hasken rana. Akwati ɗaya, fili ɗaya, dattawa a gaba ko a gefe, kowa yana ganin abin da kowa ke gani. Gidan kallon ƙwallo da ƴan fada ke cikawa daren gasar zakarun Turai jikan wancan fili ne. Sannu a hankali akwatin ya ƙetare zaure ya shiga falo, daga falo ya shiga ɗakin amarya a cikin kayan ɗaki, ba tare da an taɓa zama an ce yau ga sharaɗin shigarsa ba.

Duk da haka, kwandon parabol baƙo ne da aka san gidansu. Tasha tana da suna, tana da mai ita, tana da jadawali. Abin da ake nunawa ƙarfe 9 na dare a gidan liman shi ake nunawa a gidan mahauci, don haka gari yana iya yin magana a kansa da safe, kuma akwai wanda za a kama. A ƙarshen 2024 hukumomin Nijar sun umurci Canal+ ta daina nuna shirin The Bachelor, inda mata da yawa ke takarar namiji ɗaya, aka daina. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001. Ba kullum mai tsaron ƙofa yake yin daidai ba. Hannun da ya rufe shirin The Bachelor shi ne ya dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, da BBC a Disamban 2024, kuma mutane suna da ra'ayi mabambanta a kan haka. Maraɗi ma ta ga yadda fushi kan abin kallo yake zama zalunci, a Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe ta faɗa kan mashaya, gidajen mata da coci-coci, aka cuci mutanen da ba su da hannu a bikin da aka yi a can yankin Yamai. Amma ko da kyau ko ba kyau, ƙofa ce da ake gani.

Wifi ba haka yake ba. Ba jadawali, ba ƙarshen shiri, ba mai gabatarwa da zai ce sai da safe. Bidiyo yana ƙarewa wani ya tashi da kansa. A Janairun 2018 Neal Mohan, wanda yanzu shi ke shugabantar YouTube, ya faɗa a bainar jama'a cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke ɓatawa a dandalin yana tafiya ne kan abin da na'ura ta zaɓo musu, ba abin da suka nema da hannunsu ba. Na'urar tana auna inda ido ya tsaya, daƙiƙa nawa ya yi, me aka tsallake, sannan ta kawo irinsa. Gida biyu da katanga ɗaya ta raba, filasma iri ɗaya, amma abin da ke fuskar allonsu ya sha bamban, kuma ba maƙwabcin da ya san na wani.

Nan ne tambayar ta zama ta addini da gaske. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Ali nasiha kada ya bi kallo da kallo, don na farko an yafe masa, na biyu kuwa a kansa yake. Hukuncin ya ginu ne a kan cewa kallon farko tsautsayi ne, mutum ya ɗaga kai a hanya ya ga abin da bai nema ba. To yaya idan akwai wanda aikinsa dare da rana shi ne shirya wannan tsautsayin? Hoton da ya faɗo a allo ba maigida ne ya kira shi ba, wannan gaskiya ne, kuma ba a kama mutum da abin da bai yi niyya ba. Amma tsayawar da ya yi tasa ce. Kuma tsayawar nan ba ta ƙarewa a kansa, don na'ura ta rubuta ta. Gobe da hantsi, yana gona ko kasuwa, ƴarsa mai shekara 9 za ta ɗauki telekomand, allon farko ya tarbe ta da ƴan'uwan abin da babanta ya tsaya a kai jiya bayan isha'i. A da mutum yana iya yin kuskuren ido ya yi istigfari, abin ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa. A tele mai asusu ɗaya, kallon uba gado ne da yara ke ci tun yana raye. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta ce ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum a kansu, kuma wanda ya san yadda allonsa ke koyo ba zai iya cewa ganinsa nasa ne shi kaɗai ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa a wa'azi ba: baƙon nan shi ma yana kallo. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya leƙa ta wata kafa cikin ɗakin Annabi, aka tsawata masa ƙwarai, aka bayyana cewa don kiyaye ido ne aka shar'anta neman izini tun farko. Wato laifin shiga ba izini shi ne ganin abin da ba a nuna maka ba. A Fabrairun 2017 hukumar kare masu saye ta Amurka da jihar New Jersey suka sa kamfanin Vizio ya biya dalar Amurka miliyan 2.2, saboda ya tattara bayanin abin da ake kallo a tele miliyan 11, daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya sayar, masu gidajen ba su sani ba. Wannan fasaha ta gane abin da ke kan allo tana cikin filasma da yawa a yau, kuma tana iya gane har abin da ya shigo ta wayar dekoda. Tun 2015 aka yi ta cece-kuce kan takardar sharuɗɗan Samsung da ta gargaɗi mutane cewa maganar da aka yi kusa da tele mai karɓar umurnin murya tana iya kaiwa ga wani kamfani na daban.

Yanzu kamfanoni suna neman izini, shi ne dogon rubutun nan na Faransanci. Amma yarda ce ta wa? A gidaje da yawa wanda ke dannawa shi ne saurayin da aka kira ya yi haɗi, yana sauri don wani aikin na jiransa, wani lokaci ma ya shigar da asusunsa na Google don kada a ɓata lokaci wajen buɗe sabo. Ba mugunta ba ce, haka ya koyi aikin. Sakamakon dai shi ne an ƙulla yarjejeniya a kan sirrin gida da harshen da maigida ba ya karantawa, ta hannun wanda ba ɗan gidan ba. A fiƙihun ciniki, jahiltar abin da aka ƙulla a kansa aibi ne da ke iya ɓata ƙulli. Ya kamata malaman da ke karantar da babin ciniki su zauna da masu gyaran salula na tashar Maraɗi su ji yadda abin yake, kafin su ba da fatawa.

Wanda ya tsaya nan zai ce a rufe ƙofar kawai. Sai dai ta ƙofar nan alheri mai yawa yake shigowa, kuma ya fi isa ga waɗanda zaure ya daɗe yana tsare wa ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauye-ƙauye su kai wa matan aure karatu har ɗaki. Matar da ke cikin kulle a Gabi ko Sarkin Yamma, wadda ba ta zuwa tafsirin azumi, yau tana iya jin sa daga farkon sura har ƙarshe, ta maimaita inda ba ta gane ba. Tsohuwar da ba ta samu zuwa Makka ba tana ganin ɗawafi kai tsaye. Uwar da ɗanta ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya tana ganin fuskarsa. Yaro mai shirin jarrabawar BEPC yana samun darasin lissafi da ba a kai ga yi a aji ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne mutane su ga rayuwarsu da harshensu a Daɗin Kowa ko Labarina, maimakon su wuni suna kallon soyayyar wasu ƙasashe. Hana duk wannan da sunan tsoron Allah komawa ne ga abin da Shehu ya soka.

Sai dai sanin asalin baƙo yana nan a matsayin wajibi ko da ya zo da alheri. Arewa24, da aka buɗe a 2014, da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka fara ta, da nufin rage tasirin masu tsattsauran ra'ayi. Wannan bai sa shirye-shiryenta sun zama marasa kyau ba, amma mai kallo yana da haƙƙin ya sani. Haka ma rawani a allo ba shi ne shaida ba. A karatun zaure ɗalibi ya san malaminsa, ya san wurin wa ya yi karatu, ya ga yadda yake zaune da maƙwabta. Na'ura ba ta san wannan ba, abin da ta sani shi ne martani mai zafi ya fi riƙe ido a kan karatun Ahalari. Wanda ya nemi tafsiri sau ɗaya, ba da jimawa ba za a kawo masa gutsuren minti 3 na malam kaza yana ragargazar malam kaza kan mauludi ko ziyarar kabari. A garin da kaburburan waliyyai suke bakin tafki, inda ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suke uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ba gardamar nesa ba ce. Tana iya hana wa da ƙane cin tuwo a kwano ɗaya. Ga kuma bidiyoyin ƴan bindiga da jita-jitar hari, a yankin da satar mutane ta addabi ƙauyukan bakin iyaka, inda labarin da ba a tabbatar ba yake iya tayar da ƙauye cikin dare. Umurnin Suratul Hujurati na a binciki labari kafin a yi aiki da shi ya hau kan duk mai riƙe da telekomand.

To wa zai riƙe kod? Amsar da ta fi saurin zuwa bakin maza ita ce maigida, a kafa hujja da hadisin da ya ce kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi kiwonsa. Amma hadisin bai tsaya kan namiji ba, ya ambaci mace a matsayin makiyayiya a gidan mijinta. Ita ce ke gida lokacin da yara ke kallo, ita ta san wanda ya daina cin abinci sai a gaban allo. Mijin da ya ɓoye mata kod, ya fita fada ya raba dare yana kallon abin da ya ga dama a salularsa, bai tsare gida ba, ya dai mayar da tsoron Allah abin da ake ɗora wa mata kaɗai. Kuma wanda ke bin diddigin abin da matarsa ta kalla a ɓoye ya faɗa cikin leƙen asirin da aya ta 12 ta surar nan ta Hujurati ta hana. Kod ɗin gida na mutum biyu ne, in mata sun fi ɗaya kuma adalci ya shiga ciki, kamar yadda ya shiga rabon kwana da cefane.

Akwai gaskiyar da ta kamata iyaye su haɗiye: filasmar bango ita ce mafi sauƙin cikin baƙin. Salula ta riga ta shiga kowane ɗaki, tana kwana ƙarƙashin matashin kai. Gidan da ya kori tele bai kori intanet ba, ya dai tura ta inda ba mai gani. Allon da ke falo kuwa kunya tana aiki a kansa. In wani abu ya faɗo alhali suruka tana zaune, ko ɗan fari yana kusa da mahaifinsa, kafin a yi magana wani ya canza tasha, ko yaro ya tashi ya fita. Babu manhajar tacewa da ta kai wannan. Kiristocin Amish na Amurka, waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan da na'ura, da yawansu ba su haramta tarho ba, sai suka gina masa ƴar rumfa a wajen gida, mai buƙata ya taka ya je. Sun gane cewa inda aka ajiye abu yana cikin hukuncinsa.

Gina wa tele zaure ba ya buƙatar bulo. A ajiye ta inda kowa ke wucewa, ba ɗakin kwana ba. A buɗe asusun gidan da sunan gidan, maigida da uwargida suna zaune, a sa mai haɗi ya fassara abin da ake dannawa, a ƙi yarda da tattara bayanin kallo, don tele tana aiki ba tare da shi ba. A kashe tashin bidiyo da kansa. Yara su sami nasu ɓangaren, dekoda ma tana da kod na rufe tashoshi. Matatun nan ba su ƙware da Hausa kamar Turanci da Faransanci ba, batsar da aka faɗa da karin magana tana wuce su, don haka ba su maye gurbin babba da ke zaune a wurin. Lokutan nan uku na Suratun Nur kuma sun isa zama jadawalin kashe akwatin wifi, musamman na bayan isha'i, wanda shi ne lokacin da allo ya fi cin mutane.

Saura wata matsala da littattafan da ba su hango ba, ko da yake ƙa'idojinsu sun isa gare ta. Wifi ba ya tsayawa a katanga. Zangon 2.4 da yawancin akwatuna ke amfani da shi yana ratsa bango ya fita titi, shi ya sa da dare ake ganin samari sun jingina da katangar gidan mai Starlink, kowa da salularsa. Wanda ya saci kod ya sha forfen maƙwabci ba da saninsa ba ya ci dukiyar da ba a ba shi da daɗin rai ba, wannan a fili yake. Wanda ya fi wuya shi ne na mai bayarwa. Yaron maƙwabta zai zo ya durƙusa ya ce, Baba, a taimaka mini da kod zan duba darasi, kuma hana shi rowa ce a garin da ake aron gishiri da garwashin wuta ta kan katanga. Amma in an ba shi, gidan ya zama ƙofar da ɗan wani ke bi zuwa inda iyayensa ba su sani ba, ƙarfe 1 na dare, a waje, ba babba kusa. Yawancin akwatunan suna da hanyar buɗe rezo na baƙi daban, mai kod nasa, wanda ake iya kashewa ba tare da an taɓa na gida ba. Kafin a ba yaro, ya dace a taka a gaya wa mahaifinsa, a ji ko ya yarda, a kuma faɗa masa ƙarfe nawa ake kashewa.